Ranar da Shanu Suka Lashe Titin Zaharaddini

A garin Tudun Kalgo, bisa kwaltar da ta taso daga Agiye ta nufi Gazawa, akwai wani mai cajin waya ana ce da shi Zaharaddini. Iyakar tafiyarsa a duniya Maraɗi, ita ma biki ne ya kai shi. Amma in ya buɗe baki sai ya ba ka labarin Dubai har da sunayen unguwanni, don duk wayar da aka kawo masa caji sai ya leƙa bidiyon da ke cikinta kafin mai ita ya dawo. Da haka ya zagaye duniya yana zaune cikin rumfarsa a bakin hanya, daidai inda titin kasuwa ya haɗu da kwalta.

Kasuwar garin ranar Asabar take ci. To wata Asabar, yayarsa Delu mai waina ta ɗauko farantinta za ta tsallaka, sai wani ɗan kabu-kabu ya goge ta da madubi. Faranti ya yi sama, waina ta watse, Delu ta zauna daɓas a ƙasa tana riƙe da gwiwa tana tsine wa mashin da wanda ya ƙera shi.

Zaharaddini ya fito a guje. Maimakon ya ɗaga ta, sai ya haye bisa benci.

"Jama'a! Wanga gari ba shi da tsari! A ƙasashen da suka san abin da suke yi, mai ƙafa shi ne sarki. Ya ɗora ƙafa bisa zane, mota ta tsaya cak, ko da ta gwamna ce!"

"Dini," in ji Delu daga ƙasa, "sauko ka ɗaga ni, ka koma Dubai ɗin daga baya."

Chindo, shugaban 'yan kabu-kabu, ya zo ya ba Delu haƙuri, ya tattara mata wainar da ba ta sha ƙasa ba, sannan ya dubi mai bisa benci.

"Kai da ko kwalbati ba ka taɓa ginawa ba, mi ka sani game da hanya?"

"Abin da na sani ya fi ƙarfin mai hular kwano. Ku ba ni daga yau zuwa Asabar mai zuwa. Zan mai da titin kasuwar nan wurin da tsohuwa za ta tafi ido rufe, da inuwa, da wurin hutawa, da zanen tsallakawa fari fat."

"In bai yi ba fa?"

"In bai yi ba, ni da hannuna zan tuge rumfar nan, in bar muku bakin hanya."

"Jama'a kun shaida?"

"Mun shaida!" in ji jama'a, har da waɗanda ba su ji farkon maganar ba.

Ran Litinin ya saka babbar riga ya nufi buro, ofishin hukumar gari, wajen mataimakin magajin gari, Malam Abdussamad. Ya tarar da shi waya na manne a kunne, ana faɗa masa wata rigimar gona. Zaharaddini ya tsaya ya zuba bayani tun daga itatuwa har zuwa fitilu, Malam Abdussamad yana gyaɗa wa mai wayar kai yana cewa, "To. To. A yi hakan. Ni ma ran Asabar ina nan tafe." Zaharaddini ya yi godiya har ƙasa ya fita. Kafin azahar duk garin ya ji cewa hukuma ta danƙa masa titin kasuwa, kuma mataimaki da kansa zai zo buɗewa.

Ya fara da inuwa. Rabo magini ya ba shi shawara ya nemo dashen bedi, wato dogon yaro.

"Bedi?" in ji Zaharaddini. "Sai jikokina su sha inuwar? Ni itacen da zai tashi cikin mako nake so."

Ya shiga gida da adda ya sassare zogalen matarsa Asiya da ke bayan ɗaki. Ta fito daga madafa da muciya a hannu ta tarar da kututture tsirara.

"Malam, mi zogalena ya yi maka?"

"An ɗauke shi aikin gwamnati."

"To gwamnati ta aiko maka da kwaɗon da za ka ci."

Ya kafa rassan a jere gefen titin kasuwa da ganyensu shar, ya ba su ruwa, ya ja da baya yana kallo yana murmushi. Ya shiga masallaci sallar la'asar. Da ya fito sai ya tarar da sanduna tsaye kamar an jera asawaki. Awakin unguwa sun ci na ƙasa, matan unguwa sun tsinke na sama. Delu na zaune da gwiwa a ɗaure tana gyaran ganye a faifai.

"Yaya! Har da ke?"

"Ka ce don masu tafiya da ƙafa ka dasa. Da ƙafa na zo, ga ta nan ma ba ta warke ba."

Bai karaya ba. Washegari ya sake saro rassa daga gidan surukinsa, ya kuma ɗauko ƙayar aduwa cikin amalanke ya kewaye kowanne. Ƙayar ta cinye rabin wurin da ya ware wa masu ƙafa. Wanda ta fara kamawa liman ne, yana sauri zuwa jana'iza. Ta riƙe masa gefen riga, ya juya zai cire ta kama rawani, ya sunkuya ta kama ɗayan gefen. Sai da ladan ya zo ya warware shi.

"Wa ya shuka wannan bala'i a hanyar Musulmi?" in ji liman.

"Allah gafarta malam, lambu ne," in ji Zaharaddini. "A Turai haka ake yi."

"To Allah ya sa a can ba su sa riga."

Daga nan ya koma kan wurin hutawa. Ya bi gidajen da ake ba da aron benci na biki, ya kwaso ya jera tsakanin ƙaya da ƙaya, ya yi shela cewa duk mai tafiya da ya gaji ya zauna, hakkinsa ne. Kafin rana ta take tsaka, mai tumatir ya kasa kayansa bisa guda, wanzami ya zaunar da mutum bisa guda ya fara aski, 'yan dara sun juya guda sun haƙa gurabe a gindinsa. Mai shayi kuwa ya haɗa biyu ya ɗora tukunya.

"Kai, ku tashi! Na masu tafiya ne!"

"Daga Gangara na taso da ƙafa," in ji mai tumatir. "Wa ya fi ni tafiya a nan?"

"Hutawa aka ce, ba ciniki ba."

"Ni hutawa nake. Tumatir ɗin ne ke ciniki."

Zaharaddini ya ce ba komai, ai a manyan birane ma haka ake cika wuri, alama ce ta cewa abu ya karɓu.

Ran Alhamis ya toshe bakin titin kasuwa da tsofaffin tayoyi da gangunan da ya cika da yashi, don kada mashin ko amalanke su shiga. Ya bar 'yar kafa wadda mutum ɗaya zai bi, shi ma in ba mai ƙiba ba ne. Masu amalanken da suka kawo gero da wake daga ƙauyuka suka iso suka ga ba hanya, suka sauke buhunan nan bakin kafar suka toshe ta. 'Yan kabu-kabu kuwa ba su yi gardama ba. Chindo ya dubi gangunan, ya yi dariya, ya nuna wa mutanensa lungun da ke zagayawa ta bayan kasuwa. Lungun nan ta ƙofar gidan Zaharaddini ya bi.

Da yamma ya koma gida ya tarar da Asiya a zaure, ƙura har gira, kajinta sun hau katanga sun ƙi saukowa.

"Malam, tun safe nake ba mashin hanya. Wani har sallama ya yi mini ya tambaya ko nan ce sabuwar tasha."

"Haƙuri za ki yi. Duk babban aiki da 'yar ƙurarsa."

"Na shanya tsaki, sun mai da shi gari. In ka ga tuwon yau da ƙasa-ƙasa, babban aiki ne."

Saura zane, wanda shi ne kan maganar. Fentin hanya sai Maraɗi, Zaharaddini kuwa ya ce ba ya buƙatarsa, farar ƙasa ta isa. Ya tambayi Rabo magini yadda ake sa ta kama.

"Ka ɗan barbaɗa gishiri cikin kwaɓin," in ji Rabo. "Ɗan kaɗan dai, kamar na miya."

"Kamar na miya? Bango kake tunani, Rabo. Wagga kwalta ce, kamiyo, babbar motar kaya, ke taka ta. In kaɗan na sa abu ya kama, mai yawa sai ya sa ya dawwama."

Ya tafi wajen masu sai da gishirin dabbobi ya ɗauko kantu-kantu, ya farfasa su da taɓarya, ya ƙara da kanwa don ƙarin ƙarfi, ya dama cikin rabin ganga har muciya na tsayawa da kanta. Ran Asabar da sassafe, bayan an fito masallaci, ya ɗauki tsintsiya ya shiga zane. Da farko tsallake ɗaya ya yi niyya. Da ya ga yadda farin ke ɗaukar ido bisa baƙar kwalta sai abin ya yi masa daɗi, ya ƙara wani gaban tasha, wani gaban masallaci, wani gaban mai nama. Sauran kwaɓin ya zana ƙatuwar da'ira a tsakiyar mahaɗa, ya ce nan zai tsaya ya yi jawabi. Bai tsaya canza kaya ba, babbar rigar da ya sa don tarbar mataimaki ta sha farar ƙasa tun daga wuya har gindi.

Rana ta ɗaga, zane ya bushe yana ƙyalli. Gaskiya abin ya yi kyau, har Chindo sai da ya cire hular kwano ya duba. Zaharaddini ya ari lasifikar mai tallan maganin gargajiya, ya tsaya tsakiyar da'irarsa.

"Yaya Delu, bismilla! Ke aka fara bugewa, ke za ki fara tsallakawa. Ɗora ƙafa ki ga ikon ilimi."

Delu ta dubi zanen, ta dubi wata kamiyon albasa da ke tahowa daga gabas.

"Shi direban ka gaya mishi?"

"Zane zai gaya mishi."

"To kai fara ɗorawa, in ya ji maganar zanen sai in biyo ka."

Ba a kai ga gwadawa ba. Daga yamma ƙura ta taso, ga Jaye nan, Bafulatanin da ke zaune da iyalinsa a rugar bayan gari, ya koro garkensa zuwa kasuwar dabbobi, sanda bisa kafaɗa. Kowace Asabar nan yake tsallakawa da su, ba su taɓa ɓata wa kowa lokaci ba. Yau kuwa babbar saniyar da ke gaba ta sa ƙafa bisa kwalta, ta tsaya, ta sunkuyar da kai ta shinshina. Ta fito da harshe ta lasa. Ta ɗaga kai ta yi wani kuka mai tsawo, kamar mai kiran 'yan'uwa walima.

Kafin ka ce kwabo garken nan duka ya bazu bisa hanya. Kowace saniya ta kama layinta. Waɗanda ba su samu wuri gaban kasuwa ba suka ruga na gaban tasha. Tumakin da aka kawo sayarwa suka tsinke igiya suka nufi na gaban masallaci. Jakan amalanke suka ja kayansu suka shigo, suka gicciya a tsakiyar hanya. Kamiyon albasa ta taka birki da ƙara, ta tsaya. Motocin haya suka jeru a bayanta, na yamma ma suka jeru, aka shiga busa oda kamar ana rakiyar amarya.

"Malam Jaye!" in ji Zaharaddini cikin lasifika. "Kwashe dabbobinka! Wanga wuri na masu tafiya da ƙafa ne!"

Jaye ya jingina da sandarsa, ya dubi shanun ɗaya bayan ɗaya.

"To, Malam, wanne ne cikinsu ya zo da mota?"

Kasuwa ta kwashe da dariya.

"Kora su, na ce!"

"Wallahi na kora. Nagge in ta samu gishiri, ko ni ba ta sani ba." Ya durƙusa ya dangwali zanen ya ɗanɗana, ya gyaɗa kai. "Har da kanwa. Allah ya saka da alheri. Wata mai zuwa ma za a zuba?"

Direban kamiyo ya sauko yana huci. 'Yan kabu-kabu suka gwada kutsawa, ƙaho ya mai da su baya. Suka juya za su bi titin kasuwa, ganguna sun toshe. Suka kwarara lungu gaba ɗaya, sai ga Asiya ta fito ƙofar gida da taɓarya ta tsaya, lungu ma ya rufe. Fasinjoji suka gaji da zama cikin zafi, suka fara saukowa da kayansu a ka, suna ratsawa tsakanin shanu.

Can cikin masu ratsawar sai ga Malam Abdussamad. Rigimar gonar nan ce ta fito da shi, yana dawowa motarsa ta maƙale tun wajen gari. Ya taho a ƙasa, takalmi ya taka abin da shanu suka bari, wani jandarma na biye da shi yana kare shi daga wutsiya. Zaharaddini na hango shi ya gyara hula ya ɗaga lasifika.

"Jama'a, ga babban baƙonmu! Ku duba da idonku! Na ce muku zan mai da garin nan na masu ƙafa. Yau wa ke bisa mota? Wa ke bisa mashin? Ga direba a ƙasa, ga fasinja a ƙasa, ga hukuma da kanta a ƙasa! Ko a Dubai ba a taɓa samun irin wagga nasara ba!"

Malam Abdussamad ya iso yana share gumi.

"Wane ne wannan? Wa ya ba shi izinin taɓa hanya?"

"Ranka ya daɗe, kai ne. Ran Litinin. Ka ce a yi hakan."

"Ni? Ni ban taɓa ganinka ba!"

"Ka gan ni, ranka ya daɗe, da ido ɗaya. Ɗayan na wajen waya."

Jandarma ya matso zai kama hannunsa, sai ya ja da baya da sauri, don wani ya riga shi. Bijimin garken ne, wani ƙato fari mai ƙaho kamar an buɗe hannu. Shanu sun riga sun lashe da'irar tas, shi bai samu rabo ba, sai hancinsa ya kai shi ga babbar riga. Zaharaddini ya ji wani abu mai kaushi da ɗumi ya bi bayansa tun daga kugu har ƙeya. Ya waiwaya suka yi ido huɗu.

"Malam Jaye," ya ce a hankali, ya manta lasifika na bakinsa, duk kasuwa na ji, "wanga yana cizo?"

"A'a, ba ya cizo. Tsaya kawai ya gama."

"Ya gama mi?"

"Rigar."

Bijimi ya kama gefen riga ya fara taunawa. Zaharaddini ya yar da lasifika ya zura da gudu, bijimi ya biyo shi, 'yan maruƙa suka biyo bijimi. Ya nufi titin kasuwa, gangunansa suka tare shi. Ya tsallake buhun gero ya faɗa bisa bencin mai tumatir, ya tashi ja-ja-ja ya faɗa cikin lambunsa, ƙaya ta karɓi hannun riga ɗaya ta riƙe. Ya bar mata shi ya yi gaba.

"Bi ta zane, Enjiniya!" in ji Chindo yana riƙe da ciki. "In ka ɗora ƙafa bisa zane dole ya tsaya!"

"Cire rigar, Dini!" in ji Delu. "Cire ka jefa mishi!"

"Gaban hukuma? Ba a yi ba!"

Ya zagayo ya ga ba mafita sai sama. Ya taka bencinsa ya kama gwafa ya haye rufin rumfarsa, ya tsaya bisa kwano yana haki. Asiya, da ta biyo hayaniya, ta san rumfar ta san mijinta. Ta shiga ta tattaro wayoyin mutane cikin zane ta fito.

Da ya ga ya tsira, sai bakin ya dawo.

"Jama'a, kada ku damu! Wannan duk cikin gwaji ne. Daga nan sama ma na fi ganin tsarin. Abin da ya rage kawai..."

Bijimi ya ɗaga kai ya ga gishirinsa ya yi nisa. Ya jingina kafaɗa da gwafar rumfa ya ɗan sosa. Gwafa ta ce ƙaƙas. Rumfa ta yi ruku'u, ta yi sujada, ta zube gaba ɗaya, kwano da kara da mai ita, ƙura ta turnuƙe.

Ƙura ta fara lafawa. Can sai aka ga hannu ya fito daga ƙarƙashin zana, sannan kai, ba hula. Babu abin da ya same shi sai ƙujewa a gwiwar hannu. Bijimi ya matso cikin natsuwa ya ci gaba da rigar daga inda ya tsaya, wannan karon Zaharaddini ya zame ya bar masa ita, ya zauna da 'yar shara.

Chindo ya share hawayen dariya ya ɗaga murya.

"Jama'a, ku shaida, mutumin nan ɗan halak ne. Ya ce da hannunsa zai tuge ta, ga shi ya haɗa har da ƙafa da baya."

Sai bayan azahar hanya ta buɗe, lokacin da shanu suka lashe kwalta har ta fi da baƙi, suka kama hanyar rijiya da kansu. Malam Abdussamad ya ce ba zai kai maganar gaba ba, amma kafin magariba kada ya ga taya ko ganga ko ƙaya ko guntun kara a wurin. Jandarma ya samu inuwa ya zauna yana kallo. Zaharaddini ya yi ta jigila, Rabo da mai tumatir suka tausaya suka kama masa. Aka mai da bencuna gidajensu, aka kwashe tarkacen rumfa aka kai ƙofar gidansa.

Da aka share wurin sai mutane suka tsaya suna kallon abin da ba su taɓa lura da shi ba. Ashe tsakanin kwalta da katangar kasuwa akwai fili mai faɗi, wanda ya miƙe tun daga tasha har masallaci. Rumfar cajin waya ce kaɗai ta zauna a tsakiyarsa ta raba shi biyu, shi ya sa duk mai tafiya in ya iso nan sai ya sauka bisa kwalta ya haɗu da mashin. Wata tsohuwa mai ƙwaryar nono ta bi ta wurin ta wuce abinta, ko waiwaye ba ta yi ba. Wasu mata masu goyo suka bi bayanta. Chindo ya ce wa mutanensa kada wanda ya kuskura ya ajiye mashin a nan.

Delu ta ɗora faranti a ka, ta taka a hankali tun daga wannan kai har wancan, ta dawo ta tsaya gaban ƙanenta, wanda ke zaune bisa ganga ta ƙarshe, jiki duk yashi.

"Dini, ashe duk shekarun nan kai ne cunkoson garin nan."

Zaharaddini ya dubi filin, ya dubi mutanen da ke wucewa a sake. Ya miƙe, ya kakkaɓe 'yar shara, ya gyara murya.

"To, ai ga shi kun gani. Kuna tsammani haka kawai na hau sama? Sai da na auna inda matsalar take, sannan na sauko da ita."

"Bijimin fa?" in ji Chindo.

"Lebura ne. Kowane enjiniya da leburansa."

Daga can bakin hanya Jaye, da ke komawa ruga, ya juyo ya ɗaga sanda.

"To, Malam, leburanka ya ce a gaishe ka. Ya ce in akwai wani aiki, wandon ma zai iya."